INA KUNYA TA KE A CIKIN TSOHUWAR RIGA?

A watan Kirsimati na bara abu biyu suka faru a cikin ekklesiyarmu, tun daga sa'an nan kuwa ba su bar zuciyarmu ta huta ba. Mun ga ya kamata mu kawo su gaban masu karatu, gama muna tsammani ba a wurinmu kaɗai irinsu su ke faruwa ba.

Ga na fari. Wata gwauruwa wadda ba ta saba fashin sujada ba ta yi Lahadi uku ba mu gan ta ba. Muka tafi gidanta tare da wani dattijon ekklesiya. Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "Mama, ko jiki ne ya hana ki zuwa majami'a?" Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, jiki lafiya lau. Zancen yaron nan ne." Ashe da ta ga ba ta da kuɗin sayen yadi, sai ta ɗauko babbar rigar mijinta marigayi, ta farke ta, ta yanka wa ɗanta taguwa da wando, ta ɗinka da hannu da dare. Yaro ya sa, ya tafi makarantar Lahadi da murna. Waɗansu yara suka gane yadin, suka yi ta yi masa dariya, suna cewa ya sa rigar matacce. Yaro ya ce ba za shi koma ba. Ita ma ta duba zanenta mai faci, ta ga kamar dukan idanu a kansa su ke, sai ta zauna gida. Ta kawo mana taguwar muka duba. Ɗinki ne mai kyau ƙwarai. Ta ma san yadda ta juya aikin wuyan rigar har ya zauna daidai a ƙirjin yaron.

Ga na biyu. A cikin watan nan muka yi roƙo a kawo tufafi domin 'yan'uwa waɗanda tashin hankali ya kore su daga ƙauyukansu. Aka kawo buhuna da yawa. Zumuntar mata suka zauna za su rarraba. Suka sami masu kyau, Allah shi sāka wa waɗanda suka kawo su. Amma suka sami kuma wando wanda ba shi da mazauni, da zane ruɓaɓɓe wanda yatsa ke ratsa shi, da riguna waɗanda ba a ko wanke su ba. Ba wanda ya sunkuyar da kai sa'anda ya kawo waɗannan. Mu ma da ba mu buɗe ba tukuna, muka yi musu godiya a gaban jama'a.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Tsohuwar riga ce a nan, tsohuwar riga ce a can. Ɗaya ta sa mai ita jin kunya, ɗaya ba ta sa ba. Shin kunyar ta sauka a gidan da ya kamata ta sauka?

YADDA KAKANNINMU SUKA RIƘE TUFAFI

Yaron yau yana tsammani daga kanti riga ta ke fitowa. Kakanninsa sun san hanyarta ta fi haka nisa. Manomi ya shuka auduga da damina, ya nome ta, ya tsince ta da kaka. Mace ta gurje ta domin ta fid da gurya, ta shiɓe ta da baka, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi dare bisa dare. Masaƙi ya yi wadari, ya yi ta jefa ƙoshiya har ya sami dogon saƙa siriri wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Maɗinki ya harhaɗa su gefe da gefe. Marini ya tsoma cikin baba, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli. Kadan kuwa rigar manya ce mai aska takwas, mai allura ya kan yi watanni a kan aikin wuyanta da aljihunta. Wannan sana'a ce ta ɗaukaka sunan Kano. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shiga birnin a 1851, ya ba da labari cewa tufafin Kano suna kai har Timbuktu da Tarabulus.

Wanda ya san hannuwa nawa ne suka taɓa rigarsa ba za shi yi saurin yar da ita ba. Kadan ta koɗe, sai a mai da ita marina, daga can a kai ta mabuga, ta komo gida kamar sabuwa. Kadan bakinta ya cinye, sai a sake mata shafi. Kadan wani wuri ya mutu, sai a farke wannan layi kaɗai a sa wani, gama da ma layi layi aka haɗa ta. Sa'anda ta gaji da ɗaukar babba, sai a yanka wa yaro taguwa, a fid da bante da hula daga saura. Zanen mace ma haka ya ke tafiya. Ya fara da zuwa biki, ya koma na aikin gida, ya koma na goyo, ya zama shimfiɗar jariri, ya zama gammo, ya zama tsumman sauke tukunya. Abin da ya rage a murza shi ya zama lagwanin fitila. Ba banza ba suka ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Akwai wani abu kuma. A wurinsu rigar da babba ya taɓa sawa daraja ce ga wanda ya same ta. Sarki ya kan tuɓe rigar jikinsa ya ba wanda ya ke so ya girmama, mutumin kuwa ya yi ta ba da labari har ya tsufa. Rigar uba tana cikin gādo, a kan lissafta ta tare da gona da dabbobi. Da yaran makarantar Lahadi sun san wannan, da sun gane abin da ke jikin ɗan gwauruwar nan gādonsa ne.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada wani ya ce wannan dabarar ƙasarmu ce domin talaucinmu. Ko'ina mutane suka san wahalar samun tufa, sun koyi irin wannan hikima. A ƙasar Bengal, wadda yau sashenta ke cikin Indiya sashenta kuma shi ne Bangaladash, mata su kan jera tsofaffin zannuwa bisa juna, su zare zare mai launi daga bakin zanen, su bi su ɗinke duka da ƙananan ɗinki har ya zama mayafi mai taushi. Suna ce da shi kanta. A arewacin Japan sanyi ya kan hana auduga yi, domin haka manoma su kan sayi tsummoki waɗanda jiragen ruwa ke kawowa daga kudu, su yi faci bisa faci, yawancinsa rinin baba irin namu. Riga ɗaya ta kan wuce daga kaka zuwa jika. Suna ce da wannan boro. Da ƙasarsu ta yi arziki bayan yaƙin duniya na biyu, da yawa suka ji kunyar waɗannan tufafi suka zubar. Yau kuwa waɗanda suka tsira suna cikin gidajen ajiye kayan tarihi, mutane suna biyan kuɗi domin su gan su.

Har Ingila ma, a cikin yaƙin nan da ya kai kakanninmu Bama, ta koma makarantar faci. Ran 1 ga Yuni 1941 gwamnati ta sa dokar rabon tufafi. Ko mutum yana da kuɗi, ba shi iya sayen riga sai da tikiti, an kuwa ba kowane babba tikiti 66 domin shekara guda, daga baya aka rage. A 1943 gwamnati ta buga ɗan littafi tana koya wa mata yadda za su yi gyara. Suka yanka kwat na mazansu da ke bakin dāga suka yi wa kansu riguna. Suka warware tsofaffin rigunan sanyi suka sake saƙawa. Waɗansu amare suka yi rigar aure da laimar da sojan sama ke sauka da ita. Ba a ɗauke dokar ba sai a watan Maris 1949. A cikin shekarun nan faci ya zama abin yabo a ƙasar, wanda ya yi almubazzaranci shi ne ke ɓoye fuska. Wannan ya nuna mana kunyar faci ba daga cikin facin ta ke fitowa ba. Mutane ne ke sa ta, su kuma ke iya ɗauke ta.

SA'ANDA TUFAFI SUKA YI ARAHA

Me ya sāke mu? Inji ne ya sāke mu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano. Daga baya yawancinsu suka rufe, yadin ƙetare da gwanjo suka cika kasuwa. Ba za mu ce wannan duka mugun abu ne ba. Yara da yawa waɗanda dā su ke kwana da bante kaɗai cikin hunturu yau suna da rigar sanyi ta dalilin gwanjo, gidaje da yawa kuma da cinikinsa su ke ci. Sai mu gode wa Allah domin wannan.

Amma araha ta ɓoye mana hannuwan da ke bayan riga. Har yanzu mutum ne ke zaune gaban keke yana ɗinka kowace riga da mu ke sawa, sai dai yana nesa, ba mu san fuskarsa ba. A ƙasar nan ta Bangaladash, ran 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa takwas da a ke kira Rana Plaza ya rushe kusa da birnin Dakka. A ciki a ke ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. Tun kwana ɗaya kafin haka an ga bango ya tsage, duk da haka aka mai da ma'aikata bakin aiki. Mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata. Rigar da a ke saya da araha a sa ta sau kaɗan a yar, akwai wanda ya biya sauran kuɗinta.

Ina kuma ta ke zuwa sa'anda aka yar da ita? Mutanen ƙasashen arziki su kan zuba tsofaffin tufafinsu cikin akwatin sadaka, su tafi da zuciya fari. A ɗaure su dila dila a sayar, jirgi ya kawo su Afirka. Babbar kasuwarsu a yammacin Afirka ita ce Kantamanto a birnin Ankara ta ƙasar Gana. Wata ƙungiya mai suna Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta tufafi wajen miliyan 15 ke shiga can kowane mako, kashi 40 cikin 100 kuwa ba su da amfani, juji su ke komawa. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta ƙasar ta ce abin bai kai haka ba. Amma tsummokin da ke kwance a bakin tekun Ankara kowa yana ganinsu, da yawa kuma zaren roba ne wanda ba ya ruɓa kamar auduga. Ɗan kasuwa ya kan ci bashi ya sayi dila bai san abin da ke ciki ba. 'Yan mata daga arewacin Gana su ke ɗaukar dila mai nauyin kilo 55 a kā, ana ce da su kayaye, sunan kuwa daga kalmarmu ta kaya ya fito. A cikin kasuwar nan akwai teloli masu yawa waɗanda ke yi wa duniya aikin da gwauruwarmu ta yi: suna farkewa, suna rinawa, suna mai da babban wando na yaro, suna haɗa riga ɗaya daga matattu biyu. A farkon Janairu 2025 gobara ta cinye babban sashen kasuwar, dubban mutane suka rasa jarinsu a dare ɗaya.

Yana da sauƙi mu karanta wannan mu yi fushi da Turawa, mu ce sun mai da ƙasashenmu juji da sunan kyauta. Amma allura ta tono garma. Abin da suka yi da jirgin ruwa, shi ne muka yi da buhu a ƙofar majami'a. Mun so mu rage kaya a ɗaki, muka ba abin suna sadaka.

TSUMMA IRI BIYU A CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Maganar Allah ta nuna mana tsofaffin tufafi a hannun mutane iri biyu. A cikin Joshua sura 9 mutanen Gibeyon suka ji tsoron Isra'ila. Suka nemi koɗaɗɗun riguna da takalma masu faci da busasshiyar gurasa, suka zo suna cewa daga ƙasa mai nisa su ke, alhali maƙwabta ne. Bayan kwana uku asirinsu ya tonu, suka zama masu saran itace da ɗiban ruwa. Tsummansu bai yi laifin kome ba. Ƙaryar da suka sa shi ya faɗa ita ce laifin.

Irin wannan ya faru a zamanin inji. A 1813 wani mutumin Ingila mai suna Benjamin Law, a garin Batli, ya gano yadda za a yayyaga tsofaffin tufafin ulu har su koma gashi, a gauraya da sabon ulu a sake kaɗawa. Aka sa wa yadin suna shodi. Dabara ce mai kyau, ta sa matalauta sun sami bargo da kwat da araha. Amma da yaƙin basasa ya tashi a Amurka a 1861, waɗansu 'yan kwangila suka ɗinka wa soja kaya da mafi munin irinsa, suka karɓi kuɗin mai kyau. Ruwan sama ya taɓa su, suka yi ta wargajewa a jikin soja. Tun daga lokacin sunan yadin ya zama zagi a bakin Turawa, har yau da shi su ke kiran kowane aikin ha'inci. Masu cin amana ne suka ɓata sunan sana'a mai kyau.

Yanzu mu duba Irmiya sura 38. Sojan Babila sun kewaye Urushalima. Sarakunan gari suka jefa annabi Irmiya cikin rijiya wadda ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki, yunwa tana jiransa. Wani bawan fada mai suna Ebed-melek, mutumin Kush, watau ƙasar da ke kudu da Masar, ya tafi gaban sarki Zedekiya ya roƙa, aka ba shi izni ya fid da shi. Sai ku lura da abin da ya yi. Bai ruga bakin rijiya da igiya kaɗai ba. Ya fara shiga wani ɗaki a ƙarƙashin ma'ajin sarki, ya tattaro tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zurara wa annabin, ya ce ya sa su a hammata kafin ya ɗaura igiya. Ya tuna mutumin nan ya rame, laka kuma ta riƙe shi, igiya za ta yanke shi sa'anda a ke ja. Abin da aka yar a ɗakin ajiya ya zama jinƙai a hannunsa, domin ya fara duban bukatar mutum kafin ya zaɓi abin da za shi ba shi. Allah bai manta da shi ba. A sura 39 ya aika masa da alkawari cewa za shi tsira ranar da birnin ya faɗi.

Ga ma'auni ke nan. Kada mu tambayi shekarun riga. Mu tambaya ko tana faɗin gaskiya a kan kanta, mu tambaya kuma ko wanda ya ba da ita ya duba jikin wanda za shi sa. Gwauruwarmu ta auna kafaɗar ɗanta kafin ta sa almakashi. Ita ce 'yar'uwar Ebed-melek. Mu da muka cika buhu ba mu auna kowa ba.

AMMA WANI ZA SHI CE

Wani za shi ce, Ashe Ubangiji Yesu da kansa bai hana faci ba? Mu karanta Markus 2:21 da hankali. Zancen azumi a ke yi, shi kuwa ya ɗauki misali daga abin da kowace mace a Galili ta sani. Sabon ƙyalle wanda bai taɓa shiga ruwa ba ya kan tsuke ranar wankin fari, ya ja tsohon yadin da ke kewaye da shi, yagewar ta fi ta dā. Nufinsa shi ne, sabon abin da ya kawo ya fi ƙarfin a liƙa shi a jikin tsofaffin al'adu. Bai raina mai faci ba. Maganarsa ma ta nuna ya girma a gidan da a ke yin faci, ya kuma san ƙa'idarsa. Shi ne kuwa wanda ya ciyar da mutum dubu biyar, yana da iko ya sake yin haka gobe, duk da haka ya sa almajirai su tattara gutsattsari har kwando goma sha biyu.

Wani kuma za shi ce, Pasto yana so mu zauna cikin tsumma, yana yabon talauci. A'a. Talauci ba abin yabo ba ne, sabuwar riga kuma ba zunubi ba ce. Hannatu ta kan ɗinka wa Sama'ila 'yar riga kowace shekara. Uban ɗan nan da ya ɓace ya sa aka kawo masa riga mafi kyau. Muna so a ce gwauruwar nan tana da kuɗin yadi, hakkin ekklesiya ne kuma ta tambayi kanta me ya sa ba ta da shi. Akwai ma yadin da ya mutu sarai, wanda ɓata zare ne a ɗinka shi. Irin wannan a yi tsumman shara da shi, kada a ɗora wa mutum. Abin da mu ke ƙi shi ne a auna ɗan'uwa da yadin jikinsa. Yaƙub sura 2 ta yi mana kashedi a kan ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai kyau, a bar mai tsumma a tsaye. Yaranmu ba su ƙago dariyar nan da kansu ba. A gida suka ji mu muna ƙidaya wa mutane zannuwa.

Mu duba al'adar anko. Kowane biki da kowane taro sai an fid da sabon yadi. Mace ta ci bashi domin kada a ce ba ta yi ba, ta ɗaura sau biyu, ta jefa akwati. Wadda ba ta iya ba ta zauna gida. Zanen aro ba ya rufe katara, zanen bashi ma haka. Abin da aka fara domin a nuna mu ɗaya ne ya koma abin da ke raba mai shi da marar shi.

ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, mu gyara kyautarmu. Kafin ka sa riga cikin buhun taimako, ka wanke ta, ka ɗinke ɓarakarta, ka sa maɓallin da ya faɗi, ka ninke ta. Ka tambayi kanka ko za ka yarda ɗanka ya sa ta ya shiga sujada. A cikin Ayukan Manzanni sura 9, sa'anda Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Mutum ba ya nuna wa baƙo abin da ya ke jin kunyarsa. Kyautar da mai karɓa za shi ɓoye ba ta kai ta Dokas ba.

Na biyu, mu komo ga allura. Bari zumuntar mata a kowace ekklesiya ta keɓe rana, tsofaffi su koya wa 'yan mata, samari ma su zo, gama ɗinki a ƙasarmu da ma sana'ar maza ce. Ƙa'idodin ba su da wuya. A wanke tsohuwar riga, a farke ta a bakin ɗinki, kada a yaga. A ɗaga yadin a rana, inda haske ya ratsa da yawa wurin ya mutu, a guje shi. Baya da ƙasan babbar riga sun fi kafaɗa da wuya daɗewa, daga nan a ke yanka na yaro. A yi wa tsoho faci da tsoho mai kaurinsa. Kadan kuwa sabon ƙyalle kaɗai ke akwai, a jiƙa shi ya bushe tukuna. Ƙananan ƙyallaye a haɗa su a yi mayafin jariri.

Na uku, tela mai bi ya riƙe gaskiya. Kada ya ƙi aikin gyara domin ladarsa kaɗan ce, kada ya ajiye shi wata uku domin mai shi matalauci ne. Ya mayar wa mai yadi sauran ƙyallensa. Mai sayar da gwanjo kuma kada ya guge tsoho ya ce sabo ne, kada ya ninke wurin da ya huje ya ɓoye.

Na huɗu, dattawa su duba zancen anko. Zumunta za ta iya riƙe yadi ɗaya shekaru da yawa, ta kuma saya wa gwauraye nasu daga cikin asusu ba tare da shela ba. Masu hali kuwa su riƙa sa rigar da aka gyara su zo sujada da ita. Kadan dattijo mai arziki ya zauna a gaba da faci a hannun rigarsa, ya yi wa yara wa'azin da ya fi namu shiga.

Mun koma gidan gwauruwar nan, muka roƙi gafara a madadin yaranmu. Muka roƙe ta kuma ta zama malamar ɗinki ta zumuntar mata. Da fari ta ƙi, ta ce, "Baba Pasto, ni me na sani?" Daga baya ta yarda. Aikinsu na fari shi ne buhunan nan. Suka ware matattu, suka wanke sauran, suka yi mako biyu suna farkewa suna ɗinkewa, sa'an nan aka kai wa 'yan'uwa. Ɗanta ya komo makarantar Lahadi da taguwar ubansa. Har yanzu ya kan rufe aikin wuyan da hannu sa'anda wani ya dube shi, gama dariya ba ta saurin fita daga zuciyar yaro. Wannan bashi ne a kanmu, ba mu gama biya ba.

Abu ɗaya ya rage. Akwai riga ɗaya wadda allurarmu ba ta iya gyarawa, ita ce adalcin kanmu. Annabi Zakariya, a sura 3, ya ga babban firist yana tsaye da tufafi masu dauɗa, mai ƙara yana gefensa. Ba a ce ya tafi ya wanke ya komo ba. Aka tuɓe masa su, aka sa masa masu tsabta, kyauta. Haka Allah ya yi mana cikin Kristi. Tun da ya ke dukanmu da tsumma muka zo gabansa, wane ne a cikinmu ke da bakin yi wa ɗan gwauruwa dariya?

Allah shi ba mu idon Ebed-melek da hannun Dokas. Amin.